Kwana uku ga Sallah aka ajiye mini almakashi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, dan Allah ina roƙon ku ɗan bani fili a jaridar nan in amayar da wata magana da ta daɗe tana cina a rai. Ni tela ne a nan Damagaram, shagona yana Zango ba nisa da Kasuwar Dole, na haura shekara 20 ina kan keke. Abinda yasa na ɗauko waya nake wannan rubutu shine wani shago da ke layinmu, su biyar ne a ciki sun fi shekara 10 tare, Sallar da ta wuce suka watse a daren jajibiri, yanzu kowa ya kama gabansa, biyu daga cikinsu ko a masallaci suka haɗu basa gaisawa. Kuma akan me? Wando ɗaya ne aka yanka ya gaza. Wallahi abin ya tsaya mini a rai sabida nima saura ƙiris irin haka ta faɗa mini.

Wanda bai taɓa kwana a shagon tela a goman ƙarshe na azumi ba da wuya ya gane abinda nake nufi. Mu 7 ne a shagona. Ni ke karɓar kaya in yi awo in rubuta a kaye, wato littafin shago. Akwai mai yanka, ya girme ni, Yaya nake ce masa yara kuma Baba, shekararsa 15 tare da ni. Akwai mai aikin wuyan riga, matashi ne, a Kano ya koyo surfanin inji kuma Allah ya bashi hannu duk unguwa an sani. Sai masu haɗawa biyu, sai aparanti biyu, wato yara masu koyon aiki, masu sa maɓalli da kalmasa da guga. In mai yanka bai yanka ba mai wuya zaune yake, in mai wuya bai gama ba masu haɗawa sai kallon bango, kuma duk wanda yazo karɓar kayansa bai samu ba ni zai tsare da ido. Ga shi ranar Sallah ba kai ke sa ta ba, wata na iya tsayawa ran 29 sai dai kaji an sanar a rediyo gobe idi, kwana guda cur da ka saka a lissafi ya tafi kenan.

A azumin 2024 abin ya faru. Kowa ya tuna yadda shekarar tazo mana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take bamu a watan Agusta, mu kuma nan yawancin shadda da yadi da zare ta Kano suke zuwa mana, daga Kantin Kwari, tafiyar da bata wuce kilomita 250 ba amma ta koma kamar bangon duniya. Sai cikin Maris 2024 aka buɗe iyakar, azumi ya riga ya kama. Mutane da yawa sun tsaya jiran kaya su sauko ne, to ɗinkin da aka saba kawo mana tun Sha'aban sai ya taru mana a ka cikin sati biyu. Ga zafin ƙarshen Maris da farkon Afrilu ma'auni na haura 40, ga rufin kwano, ga ƙishirwa, wuta tazo ta tafi, da dare gurup, wato janareta, muke tayarwa muna ƙona mai har asuba. Barcinmu a kwana bai fi awa uku ba. Mutumin da ke cikin wannan hali ko sannu kace masa yana iya jinta kamar zagi.

Daren 26 ga azumi bayan an sauko daga asham saura ɗinki 46 a ƙasa. Akwai shadda biyu iri ɗaya launi ɗaya, ruwan sararin sama, ta mutum biyu daban. Ɗaya yace a yi masa aiki mai nauyi da zare ruwan zinari, ɗayan dattijo ne da zai bi ayarin hawan Sallah zuwa fada a Birni, shi yace zare kalar shaddar kawai baya son ƙyale-ƙyale. Ƴar takardar da muke maƙalawa da allura ta faɗi, aka yi musaya, mai wuya ya zauna awa uku ya zuba ruwan zinari a kan shaddar dattijo. Kuma duk tela ya sani surfanin inji a kan shadda in ka warware shi ramukan allura na nan basa ɓacewa. Kuɗin shaddar ya haura jaka 50 ta sefa.

Ni ina can waje ina ba wata mata haƙuri akan kayan yaranta sai naji murya ta tashi. Mai wuya yana cewa ai yadda aka miƙo masa haka ya ɗinka, Yaya yana cewa shi da takarda ya miƙa, mai ido ya duba kafin ya ɗora allura. Har nan da sauƙi, zo mu zauna zo mu saɓa ne. Sai yaron nan ya buɗe baki gaban aparanti, gaban mutum biyu da ke zaune kan benci suna jiran kaya, yace Baba in tsufa ne ya kama ka idonka baya gani ka faɗa mana a nemo wani. Yaya bai ce komi ba na ɗan lokaci, sai yace ba a haife ka ba na fara riƙe almakashi, ya ajiye almakashin a kan tebur a hankali, ya fara neman takalmansa. Na san shi, in da ihu yayi da ban tsorata ba. Wannan ajiyewar a hankali ita ta tsinka mini zuciya.

Edita, kafin in faɗi abinda nayi bari in faɗi abinda na taɓa yi a baya, don sau biyu ina kuskure a irin wannan wuri kuma har yau ina jin ciwonsu. Karo na farko ina sabon maigida, rigima ta tashi ana gobe Sallah, na tsaya a tsakiyar shago na yanke hukunci nan take nace wane kai ne da laifi. Ban ji ta bakin kowa da kyau ba, sauri nake a koma kan keke. Yaron ya ɗauki hularsa ya fita bai sake dawowa ba, daga baya na gano ba shi ne mai laifin ba. Karo na biyu sai nayi akasin haka, nace kai dan Allah ku yi haƙuri ku yi haƙuri azumi ake, a bar maganar. Aka bar ta. Sallah ta wuce kowa ya shiga sabgarsa ban sake tada zancen ba, ina ganin ta mutu. Ashe tana nan kwance, wata bakwai suna aiki kafaɗa da kafaɗa ba mai yi wa wani magana sai ta bakin yara, har ɗayan ya tattara ya koma Magariya.

To wannan daren abu na farko da nayi, na zagaya baya na kashe gurup. Shago yayi tsit, duhu sai fitilar waya. Da gangan nayi, sabida da ƙarar gurup kowa ihu yake ko maganar arziki ce, kuma ina son kowa ya san cewa aiki ya tsaya, ba wanda zai fake da keke yana huci. Na ba masu jiran kaya haƙuri nace su dawo bayan sahur, na aiki aparanti biyun su sayo ƙanƙara su ɗora shayi a waje. Ba a gyara babba gaban yaransa, ba a kuma ƙasƙanta matashi gaban waɗanda yake koya wa aiki. Nace Yaya don girman Allah zauna, kai ma ƙanena zauna. Malamai sun sha faɗa mana wanda fushi ya kama yana tsaye ya zauna, kuma na ga amfaninsa da idona a daren nan.

Sai nace musu magana uku ce a bakina. Ta farko shaddar nan asarata ce, ni zan biya, ba za a cire ko dala daga kuɗin kowa ba. Kun san me yasa na fara da wannan? Sabida rabin zafin rigimar tsoro ne, kowa na ganin in ya amsa laifi jaka 50 ta hau kansa ana saura kwana uku Sallah ga iyali na jiran kayan miya da ɗinkin yara. Ina faɗin haka naga kafaɗun mai wuya sun sauko. Ta biyu nace yau ba za a yi shari'ar wa ya yar da takarda ba, ba mu da lokacinta kuma ba wanda ke cikin hankalinsa a cikinmu har ni. Amma ba cewa nayi a bar ta ba. Rana ta uku bayan Sallah, bayan la'asar, a zauren gidana, zan kira dattijon da ke mana limanci a masallacin layi ya zauna, kowa ya faɗi duk abinda ke cikinsa ba mai katse shi. Na ɗauko kaye na rubuta ranar gabansu.

Ta ukun ita ce wadda ban yarda ta kwana ba. Na ja mai wuya waje bayan shago mu biyu nace ƙanena, kuskuren ɗinki yana iya jiran bayan Sallah, amma abinda ka faɗa wa Baba ba zai jira ba, magana zarar bunu ce, ka faɗe ta gaban yara to gaban yaran zaka janye ta. Ban ce ka amsa laifin shadda ba, wannan daban. Yayi shiru yana kallon ƙasa, yace maigida wallahi kaina ne ke sarawa kwana biyu ban runtsa ba. Nace na sani. Da yara suka kawo shayi shi ya karɓi kofin farko ya durƙusa ya miƙa wa Yaya yace Baba ka yafe mini maganar da na faɗa, bakina ne ya zarce. Yaya ya daɗe bai karɓa ba. Sannan ya karɓa yace Allah ya yafe mana. Ba wai zuciyarsa ta huce bane, ina gani a fuskarsa, amma ya cire takalman.

Daga nan muka koma kan abinda ya haɗa mu. Na zube kaye a tebur muka ƙirga ɗinki 46 ɗin da ƙarfi kowa na ji, nace mu ɗauka wata zai tsaya ran 29, nawa zamu iya gamawa tsakani da Allah? Ba ni na faɗi adadin ba, su na bari suka faɗa, mai yanka ya faɗi nasa mai wuya ya faɗi nasa, aka tsaya a 37. Tara kenan ba za su samu ba. Da safe na bi mutum taran nan ɗaya bayan ɗaya a waya na faɗa musu gaskiya, wanda ke son kayansa yazo ya ɗauka da kafin alƙalaminsa ya kai wani wuri tun da sauran lokaci. Na sha magana ranar, wata har kuka tayi, kuma tana da gaskiya. Shi kuma dattijo mai shadda da ƙafata naje gidansa na faɗa masa abinda ya faru, na sayo masa wata a kasuwa. Sauran gyaran ƙanana ne, na matsar da teburin yanka can ƙofa don kada su riƙa haɗa ido, aparanti ɗaya ya zama shi ke kai kaya tsakaninsu, takarda kuma aka daina maƙala ta da allura, ɗinke ta ake da zare a gefen yadi. Kuma na sa dokar barci, mutum biyu-biyu awa biyu bayan azahar, ko mutum yace baya ji sai ya kwanta. Mun gama 37 ɗin ana kiran asubar ranar idi.

Yanzu ga inda nake son masu karatu su tsaya da kyau, zaman bayan Sallah. Wallahi da ranar tazo sai da naji kamar in bar shi. An ci an sha an yi barci, su biyun har sun gaisa a filin idi, zuciyata na cewa me zai sa ka tono abinda ya kwanta. Nan ne na faɗi a karo na biyu can baya, shi yasa na daure na aika aka kira su. Kuma Edita da aka zauna maganar shadda ko minti biyar bata ci ba. Mai wuya yace shi abinda ke cinsa tun bara, ana biyansa ne bisa yawan wuyan da ya gama, Baba kuma yakan tsallake layi ya fara yanka kayan mutanensa na unguwa waɗanda ba su da aikin wuya, shi yana zaune hannu rabbana gurup na cin mai, dare yayi a tara masa goma a lokaci guda. Yaya kuma yace shi tunda yaron nan ya fara samun kuɗi fiye da kowa ya daina gaishe shi da safe yadda ya saba, sai dai ya ɗaga masa hannu, kuma yakan gyara masa yanka gaban mai kaya. Sai da liman ya lallaɓa shi sannan ya faɗi abinda ya fi masa nauyi, cewa da gaske da dare baya ganin alli a kan yadi mai duhu, ya fi shekara yana ɓoyewa don tsoron kada ace ya tsufa a sallame shi. Shi yasa maganar ta soke shi haka. Shekara 15 muna tare ban lura ba.

Da aka buɗe kaye kuma sai ga nawa. Awon mutum biyun a shafi ɗaya na rubuta, ban sa wata alama da zata raba shaddar ba bayan na san iri ɗaya ce. Kuma tun 18 ga azumi nace na rufe karɓar kaya, amma na karɓi wajen 30 bayan nan, wannan aboki ne, wancan surukin wane ne, wancan ya ƙara kuɗi. Ni na ɗora musu kayan da ya fi ƙarfinsu sannan na tsaya ina mamakin sun yi faɗa. Na faɗi haka gaban liman da su duka na nemi su yafe mini. Ina roƙon ƴan uwana masu shago su duba wannan da gaske, yawancin faɗan da yaranmu ke yi a ƙurarren lokaci mu muka haɗa shi tun ranar da muka kasa cewa a'a.

Na san akwai masu cewa maigida in ya tsaya lallashi raina shi za a yi, a daka tsawa kawai kowa ya koma bakin aiki. Wani abokina ma cewa yayi asarar kwastoma tara akan rigimar mutum biyu ai wauta ce. Gaskiya ne biyu daga cikin taran basu sake kawo mini ɗinki ba har yau, kuma na ji zafin hakan. Amma tsawa tana mayar da mutum kan keke ne, bata mayar da hankalinsa, kuma mai yankan da ransa ke ɓace shi ke ɓata shadda ta biyu. Da Yaya ya fita a daren nan ba tara zan rasa ba, duka 46 ɗin ne, don ba mai yanka mini babbar riga kamarsa. Haka kuma ban yarda da masu cewa haƙuri kawai ba. Mu nan mun iya cewa a yi haƙuri, kalma ce mai kyau, amma sau da yawa wanda aka fi ƙarfi ake cewa ya haɗiye. Ai ko a wurin mai unguwa ko a fadar Sarkin Damagaram in aka kai ƙara don sulhu sai an ji ta bakin kowane ɓangare kafin ace a yafi juna. Me zai sa mu a shagunanmu mu tsallake jin ta bakin mu tafi kai tsaye ga a yafe? Kuma addini bai bamu damar ƙaurace wa ɗan uwa fiye da kwana uku ba, amma sai kaga mutum biyu a shago ɗaya wata da watanni ba sallama, maigida na gani yayi kamar bai gani ba tunda dai ɗinki na fita.

Ba teloli kaɗai ba. Matan da ke girkin biki ana jiran kai amarya, magina da ke son rufe ɗaki kafin ruwan farko, masu lodin mota a tasha ranar Alhamis da kasuwa ke ci, duk na ga irin wannan a wurinsu.

Mu dai abinda muka canza bayan zaman nan, yanka yana bin layin kaye ne ba tsallake, na wane da na wane duk ɗaya. Kuɗin kowa a rubuce yake kuma ana biya duk Alhamis da yamma ba sai daren Sallah ba. Na kai Yaya aka auna idonsa aka bashi tabarau, na sa masa fitila mai sola a kan tebur, yadi mai duhu kuma da rana yake yanka shi. Ba zan ce sun koma kamar uba da ɗa ba, har yanzu akwai ƴar tazara, amma yaron yana zuwa har tebur ya gaishe shi da safe, kuma kwanan baya na ji Yaya na nuna masa yadda ake fitar da hannun babbar riga, abinda bai taɓa koya wa kowa ba a shagon.

Su kuma maƙwabtana da suka watse, naje wurin maigidansu sau biyu, liman ma yaje, har yanzu yana cewa sai sun zo sun bashi haƙuri tukuna. In yana karanta jaridar nan ko wani ya karanta masa, ina roƙonsa don Allah ya sa rana ya kira su, zaurena a buɗe yake in yana son wurin da ba nasa ba. Jama'ar gari kuma dan Allah ku kawo ɗinkinku tun Sha'aban. Ni dai bana ran 15 ga azumi zan rufe kaye, na riga na faɗa wa ƴan shago, kuma na ba Yaya izini in ya ga na miƙa hannu zan karɓi yadin wani bayan ranar ya tsayar da ni ko gaban waye.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani tela daga Zango, Damagaram